Leza, Rediyo ko Fayiba: Wanne Zai Jure Kawalwalniyar Bazara da Hazon Hunturu a Karkarar Kano da Jigawa?

Sau da yawa wayar fayiba, wato siririn zaren gilashi mai ɗaukar bayanai da haske, takan biyo babban titi ta tsaya a cikin gari, alhali asibitin ko makarantar kwana ko ofishin noman ranin da ke buƙatar intanet yana can ciki, kilomita uku, biyar ko goma. Hanyoyin ƙarasa masa uku ne: a haƙa rami a ja fayiba, a kafa farantin rediyo nan da can su dubi juna, ko kuma a cusa bayanan cikin siririn hasken leza a harba ta iska. Ta ukun ce ke ɗaukar hankali yanzu, kuma da dalili. A 2021 aikin Taara, wanda ya taso a ƙarƙashin kamfanin Alphabet, ya haɗa Barazabil da Kinshasa ta saman Kogin Kwango, tazarar kilomita 4.8, ya tura kusan terabayit 700 cikin kwana 20 ba tare da an binne ko taku ɗaya na waya ba. Na'urar tana iya kai gigabit 20 a sakan. Ba a kuma sayen zangon rediyo dominta, don rabon zango na duniya ya tsaya ne a gigahaz 3,000, haske kuwa ya yi masa nisa.

Sai dai iskar saman Kogin Kwango daban, ta fakon Maigatari da ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu daban.

Abin da zafi ke yi wa haske

Duk wanda ya bi hanyar Gumel da tsakar rana a bazara ya ga kawalwalniya: kwalta ta koma kamar tafki, motar da ke tahowa tana rawa kamar an hango ta a cikin ruwa. Rana ce ta gasa ƙasa, ƙasa ta gasa iskar da ke kanta, iska mai zafi ta tashi ta cakuɗe da mai ɗan sanyi. A cikin wannan cakuɗa akwai dunƙule-dunƙulen iska, daga masu faɗin 'yan milimita zuwa masu mita da yawa, kowanne da zafinsa, kowanne kuma yana tanƙwara haske kamar gilashin tabarau. Wannan shi ne hargitsin iska, kuma lissafinsa ya samo tushe daga aikin masanin Rasha Kolmogorov na 1941.

Ɓarnarsa kashi uku ce, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Manyan dunƙule, waɗanda suka fi hasken faɗi, sukan karkatar da shi gaba ɗayansa, ya riƙa kaucewa idon na'urar karɓa yana dawowa. Ƙananan sukan baza shi ya fi yadda aka tsara faɗi, ƙarfinsa ya ragu. Na ukun, wanda ya fi cin rai, shi ne ƙiftawa: hasken ya isa a tsattsage, nan ya yi haske can ya yi duhu, tabon yana sauya wuri sau ɗaruruwa a sakan. Abin da ke sa taurari ƙyalƙyali ke nan. Duhun ba ya daɗewa, yawanci milisakan ɗaya zuwa goma, amma a layin gigabit ɗaya, ɗaukewar milisakan 5 asarar bit miliyan 5 ce a jere. Shi ya sa za ka ga fitilar na'ura tana nuna komai lafiya, ma'aunin ƙarfin haske ma bai faɗi ba, amma kiran bidiyo yana yankewa daga hantsi har la'asar.

Injiniyoyi na auna ƙarfin hargitsin da wata lamba mai suna Cn². A iska mai natsuwa takan sauka zuwa 10⁻¹⁷, a kusa da ƙasa mai zafi takan kai 10⁻¹³, bambancin ninki dubu goma ke nan. Daga ita ake fitar da ma'aunin Rytov, wato awon ƙarfin ƙiftawa, wanda in ya haura 1 an shiga ƙiftawa mai tsanani. Abubuwa uku ne mai saye ya kamata ya riƙe daga wannan lissafi.

Na farko nisa. Ƙiftawa ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da tazara, gaba take yi ta bar ta. In an ninka nisa biyu, ma'aunin yakan ninka kusan uku da rabi. In an ninka uku, ya ninka bakwai da rabi. Ɗauki haske mai tsawon zango nanomita 1550 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita) a iska mai Cn² na 10⁻¹⁴: a kilomita 1 ma'aunin 0.2 ne, ba damuwa. A kilomita 2 ya kai 0.7, a kilomita 3 ya kai 1.5, a kilomita 5 ya doshi 4.

Na biyu tsayi, kuma nan ne sauƙin yake. Da rana hargitsin yana raguwa da sauri in aka yi sama: a ninka tsayi takwas, ya ragu kusan sau 16. Hasken da ya bi mita 2 daga ƙasa a iska mai 10⁻¹³ ya riga ya kai ma'auni 2 tun a kilomita na farko. A ɗaga shi zuwa mita 16, sai ya yi kilomita 3 bai cika 1 ba. Abin lura shi ne tsayin da ake magana na duk tsawon hanya ne. In hasken ya taso daga dogon ƙarfen da aka ɗora na'urar a kai amma a tsakiya ya shafi kan jigawa, ko ya bi saman rufin kwanon kasuwa da tazarar mita biyu, wannan ɗan wurin kaɗai ya isa ya ɓata layin. Haka in aka kafa na'urar a tsakiyar rufin kankare: zafin rufin yana tashi daidai bakin idonta. A gefen rufi ake kafawa, ta fuskar da take kallo.

Na uku irin hasken. Akwai na'urori masu nanomita 850, akwai masu 1550. A hanya ɗaya ma'aunin ƙiftawar mai 1550 kusan rabin na mai 850 ne, sannan haskenta ba ya ratsawa har can bayan ƙwayar ido, don haka ƙa'idar kariya ta yarda a harba shi da ƙarfi fiye da ɗayan nesa ba kusa ba. A wannan yanki mai 850 ba ta da hujja sai araha, araha kuwa ba ta ado.

Sauran maganin yana jikin na'urar. A kilomita 2 tabon duhu da haske faɗinsa kamar santimita 5 zuwa 6 ne. Idon karɓa mai santimita 5 zai iya faɗawa cikin tabo guda ya makance, amma mai santimita 20 yana kwasar tabo da yawa lokaci ɗaya, duhun wannan ya cike da hasken wancan. Wasu na'urorin kuma suna harba haske biyu ko huɗu daga bakuna daban-daban, don da wuya duka su ɗauke tare. A tambayi mai sayarwa faɗin ido, yawan bakin harbi, da kuma ko na'urar tana warwatsa bayanai a tsawon lokaci yadda za ta iya gyara ɗaukewar milisakan 10. In ya kasa amsa waɗannan, bai san kayansa ba.

Akwai tarko a batun tsayi. Siririn haske ba ya yafe motsi. Ƙarfen da ya karkata da kashi ɗaya cikin goma na digiri ya kautar da haske fiye da mita 5 a kilomita 3, kuma ba sai an yi iska ba: rana ta gasa gefen gabas da safe, ta gasa na yamma da la'asar, ƙarfe ya miƙe ya lanƙwashe. Tankin ruwa na ƙarfe ma yana sauya zama tsakanin cika da ƙarewa. Na'urori masu araha sukan rufe wannan da faɗaɗa hasken, misali ya buɗe mita 2 a kowace kilomita. To a kilomita 2 ya zama da'ira mai faɗin mita 4, ido mai santimita 10 kuwa kashi ɗaya cikin 1,600 kawai zai kama. An sayi natsuwa da ƙarfin haske ke nan. Masu tsada suna da ƙaramin madubi mai motsi a ciki da ke bin ɗayan ɓangaren da kansa. Duk layin da ya wuce kilomita ɗaya, ko aka ɗora a kan ƙarfen sabis, ba shi da makawa sai irin wannan.

A kuma duba alƙibla. Layin da ya miƙe gabas da yamma sak, rana za ta leƙa cikin idonsa da fitowa ko faɗuwa a wajajen ƙarshen Maris da ƙarshen Satumba, ta makantar da shi na 'yan mintoci.

Hazo

Duk abin da aka faɗa a sama ana iya shawo kansa da tsayi, da kuɗi, da tsari. Hazo ne ba a iya wa. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Maris iskar arewa maso gabas tana kwaso ƙura daga Sahara, mafi yawa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta shimfiɗa ta a kan Kano da Jigawa. A ranakun da ta yi kauri nisan gani yakan faɗi ƙasa da kilomita ɗaya, har a dakatar da sauka da tashi a filin jirgin Malam Aminu Kano. Ƙwayar wannan ƙura girmanta bai yi nisa da tsawon zangon hasken ba, wannan ne kuwa girman da ya fi watsa haske.

Ana lissafin asara da desibel: 3 rabin ƙarfi ne ya tafi, 10 kashi ɗaya cikin goma ya rage, 20 ɗaya cikin ɗari, 30 ɗaya cikin dubu. Lissafin da aka saba yi daga nisan gani yana ba da asarar kusan desibel 10 a kowace kilomita in ana gani zuwa kilomita 1, sama da 30 in gani ya tsaya a mita 500. An gina lissafin ne a kan hazon ruwa na ƙasashen sanyi, saboda haka awon kusa ne, amma ya isa a yanke shawara. A ce na'ura tana da rarar desibel 20 bayan an saita ta. Ranar ganin kilomita 1, layin kilomita 2 ya cinye rararsa tas. Ranar ganin mita 500, ko mita 700 ba zai kai ba. Gwajin da ba ya buƙatar na'ura shi ne: ranar da ka hau rufi ka kasa hango ɗayan ginin, to layin yana gab da ɗaukewa ko ya riga ya ɗauke. Kuma wannan ba ɗaukewar milisakan ba ce, ta wuni ce, wani lokaci kwana biyu ko uku.

Ƙurar tana kuma kwanciya a kan gilashi. A goge da tsumma a bushe, a karce shi. Sai an fara hure ta, sannan a shafa da kyalle mai laushi da ruwan wanke gilashi, a hunturu kusan kowane mako, wato dai sai an sami mai hawa. A kwarin Haɗeja akwai ƙarin baƙo: garken jan-baki in ya ratsa ta cikin hasken yakan datse shi na ɗan lokaci.

Ruwan sama bai kai hazo ɓarna ba. Mai ƙarfin milimita 25 a awa yana cin desibel 6 zuwa 10 a kilomita, kuma ruwan Agusta mai irin wannan ƙarfi ba ya wuni.

Rediyo

Kawalwalniya ba ta dame shi ba, hazo ma haka, don tsawon zangonsa ya fi ƙwayar ƙura girma sau dubbai. Amma rediyo iri-iri ne.

Mai gigahaz 5.8 shi ne jakin aiki: yana cikin zangon da ba a saye, kayansa suna kasuwa, wutarsa kaɗan ce, ruwan sama ba ya yi masa komai a zo a gani, kuma yakan ba da megabit ɗaruruwa a kilomita goma ko fiye. Faɗin harbin farantinsa digiri ne da dama, ƙarfe ya yi ta rawarsa. Inda ake faɗuwa shi ne a zaci hango juna ya wadatar. Rediyo yana son fili kewaye da layin. A tazarar kilomita 10, a tsakiyar hanya, wannan fili ya kai mita 11 ta kowane gefe, kuma aƙalla kashi 60 cikin ɗari, kusan mita 7, dole ya zama babu komai. Ƙara mita ɗaya da rabi na tudun doron ƙasa, ƙara tsayin kuka ko darbejiyar da ke wurin, za ka ga ƙarfen mita 12 bai isa ba. A yi awo da lura da bishiyar da ke hanya: yawancinsu da damina suke cika ganye, gawo kuwa da rani yake yi, wanda ya auna a Agusta ya ga gawo tsirara zai sha mamaki a Janairu. Dogon layin da ya ratsa saman ruwa ko shinkafar Kadawa yakan yi rauni da asuba, lokacin da iska ta kwanta hawa-hawa ta mayar da wani sashen harbin ya ci karo da ɗan'uwansa. A cikin gari kuma cunkoson masu amfani da zangon ne matsala, abin da ƙauye bai cika fama da shi ba.

Mai gigahaz 70 zuwa 80 shi ne ke gogayya da leza a gudu, har gigabit 10, amma sai da lasisin hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, kuma ruwa ne ajalinsa: kusan desibel 10 a kilomita a ruwan milimita 25, wajen 30 in ya kai milimita 100 a awa. Harbinsa ma siriri ne, ƙasa da digiri ɗaya, yana son ƙarfe mai tauri. Mai gigahaz 60 kuwa iskar da muke shaƙa kanta tana cin masa desibel 15 a kilomita, na tsallaka titi ne ko haɗa gine-ginen makaranta ɗaya.

A lura da yadda raunin ya rabu: leza tana faɗuwa a Disamba da Janairu, rediyon gigahaz 80 yana faɗuwa a Yuli da Agusta. Ba sa ciwo rana ɗaya. Wannan ne ya sa ake haɗa su a layi guda, na'ura ta riƙa juya bayanai zuwa mai lafiya.

Fayiba

Asararta desibel 0.2 ce a kilomita, ba ruwanta da rana, ƙura ko hadari. Abokan gabanta katafilar gyaran hanya, mai haƙa kwalbati, garmar shanu in ba a binne ta da zurfi ba, da ambaliya irin ta 2022 da ta yanke hanyoyi a Jigawa. A binne ta wajen mita ɗaya cikin bututu, a shimfiɗa kyallen gargaɗi a sama. Kuɗin izinin bin gefen hanya da jihohi suka amince da shi naira 145 ne a mita, wato naira 725,000 a kilomita 5 kafin a sari ƙasa, sai a bincika abin da jihar ke karɓa a yanzu. In ta tsinke, gyaranta sai mai injin haɗa gilashi da na'urar gano wurin yanka, galibi daga birni zai taso.

Leza daga sama

Akan ji ana cewa a ɗora na'urar a jirgi mara matuƙi ko balan-balan a huta da ƙarfe. Fasahar gaskiya ce. Cibiyar binciken sararin samaniya ta Jamus ta sauko da gigabit ɗaya a sakan daga jirgin yaƙi samfurin Tornado a 2013, aikin Loon na kamfanin Alphabet kuma, mai kai intanet ta balan-balan, ya haɗa balan-balan biyu da leza a tazarar sama da kilomita 100. Amma balan-balan ɗin suna wajen kilomita 20 ne a sama, inda iska ta yi shara-shara, babu gajimare babu ƙura, kuma da rediyo suke sauko wa jama'a da intanet. Haka taurarin ɗan Adam na Starlink, mai kawo intanet daga sama, da ya fara aiki a Nijeriya a Janairun 2023: leza tsakaninsu a can inda babu iska, rediyo zuwa farantin da ke kan rufi. An rufe Loon a 2021.

Wahalar tana wajen sauka. Jirgin da ke tsayin kilomita 1 a nisan kilomita 20 digiri 3 kacal ya ɗaga daga doron ƙasa, haskensa zai yi doguwar tafiya a cikin iska mai zafi da ƙura, hazon hunturu kuwa ya fi wannan tsayi. Hawa da sauka ma ba ɗaya ba ne. Haske mai saukowa a ƙarshen tafiyarsa yake haɗuwa da hargitsi, kuma a ƙasa ana iya tarbarsa da babban ido. Mai hawa tun daga bakin na'ura ake karkatar da shi, ƙaramar karkata ta zama mita da yawa kafin ya isa, jirgin kuma ƙaramin ido yake iya ɗauka. Ga girgizar inji, ga iskar da ke murɗawa a jikin jirgi daidai tagar hasken, ga gajimare guda da zai datse komai, ga izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, da na ofishin mai ba da shawara kan tsaron ƙasa. Wannan aikin soja ne da masu bincike. Ba abin da ƙaramar hukuma za ta sa a kasafin kuɗi ba ne.

To wanne za a ɗauka?

Ga asibitin karkara, makaranta ko ofishi mai buƙatar megabit 50 zuwa 300 a nisan kilomita 3 zuwa 15, rediyon gigahaz 5.8 ne, a kashe kuɗin a kan tsayin ƙarfe, wayar saukar da aradu da batir. Inda wurin na dindindin ne, buƙata za ta ƙaru, hanya kuma ba a shirin faɗaɗa ta, fayiba ta fi, a bar rediyo a gefe don ranar yankewa. Leza tana da gurbi ɗaya: ana son gigabit, tazara ba ta wuce kilomita biyu ba, kuma akwai abin da ya hana haƙa, kamar kogi, fadama mai cika ko layin dogo. Ko a nan ba a kafa ta ita kaɗai.

A lissafa wuta tun farko. Na'ura mai cin wat 40 tana shan kusan kilowat-awa ɗaya a kwana a kowane ɓangare. Batir mai ruwa na bolt 12 da amfiya-awa 200 rabinsa ake ci in ana son ya daɗe, wato kilowat-awa 1.2, kwana ɗaya ke nan da ɗan ɗori, kuma a makon da hazo ya rufe layin shi ne sola ma ke ja baya.

Kada a karɓi aiki da gwajin safe ko na gab da magariba. A waɗannan lokutan zafin ƙasa da na iska sukan daidaita, hargitsi ya kwanta, kowace na'ura ta yi kyau. A rubuta a yarjejeniya cewa za a riƙe wani kaso na kuɗin har sai layin ya wuce gwaji biyu: mako guda a Afrilu ana ƙirga bayanan da suka zube tsakanin sha biyu da ƙarfe uku na rana, da mako guda a cikin hazon Janairu ana rubuta sa'o'in da ya koma kan rediyo da gudun da aka samu a lokacin.